Kwalin Lahadi ta Huɗu

Ranar Alhamis, sha takwas ga watan Disamba, wajen ƙarfe goma na safe, ina shago ina goge ƙafar wani tebur sai wayata ta yi ƙara. Ɗiyarki ce, Mama Kemis. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Kawu, Mama ta huta." Na ajiye samfefa, na zauna a kan teburin da ban gama ba, na daɗe ban san abin da nake kallo ba. Mama Kemis, wadda ni nake ce wa Yaya ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba, ta riga mu gidan gaskiya tana da shekara sittin da takwas, saura mako guda cif Kirsimeti. Ranar Asabar muka kai ki makwancinki.

Fasto ne ya ce in rubuta wani abu a madadin ƙungiyar mawaƙa, tunda ni nake koya musu waƙa. Na karɓa, amma na gaya masa ba zan rubuta rabin gaskiya ba. Zan faɗi alherinki, Yaya, don yana da yawa. Zan kuma faɗi abin da yake cina. Shekara ashirin da uku kina aika mu gidajen marasa lafiya mu yi musu waƙa, da ke kika kwanta kuma, ba mu zo mun yi miki ba. Laifin nawa ne fiye da na kowa.

Ga wanda bai san majami'armu ba, bari in yi bayani. A Lahadi huɗun da suke gaban Kirsimeti, lokacin da muke jiran haihuwar Almasihu, akan ajiye kyandir huɗu a gaban bagade, kowace Lahadi a kunna ɗaya. Idan aka tashi sujada, kowa ya nufi gida, mu mawaƙa ba ma tuɓe rigunanmu. Mukan fita a ƙafa, mu bi gidajen waɗanda ciwo ko tsufa ya hana su zuwa, mu yi musu waƙoƙin da aka yi a sujadar ranar. Gida biyar ko shida kowace Lahadi, kafin rana ta yi sanyi mun gama. Ba Fasto ne ya ƙirƙiro wannan ba, ba kuma dattawa ba. Ke ce kika tsaya a wurin koyon waƙa wata rana kika ce mun iya cika majami'a da murya, amma masu bukatar jin ta ba su cikin majami'ar.

Ke ce kuma kike zaɓen gidajen, kuma ba wanda ya taɓa yi miki gardama a kai, don ba wanda ya kai ki sanin wa ya kwanta. Shekara talatin da wani abu kina tsaye bayan kanta a kemis, gilashinki a ƙarshen hanci. Kin taɓa gaya mini yadda kike ganewa. Kika ce idan mutum ya saba zuwa sayen maganinsa da kansa, sai ya fara aiko wani, ya aiko sau ɗaya, sau biyu, sau uku, to ƙafa ta ƙi. Iyali sukan ɓoye, su ce yana nan lafiya, hutawa yake yi. Ke ba kya musu, sai ki tambayi yadda yake kwana, ki ƙulle maganin, ki riƙe sunan a ranki har Nuwamba.

A bayan kwalin magani kike rubutawa. Ki yage kwalin, ki miƙe shi da gefen hannu, ki jera gidajen da biro. Kowace Juma'a za ki miƙo mini na Lahadi mai zuwa. Sau nawa na ce zan saya miki littafi, kika ce kwali ba ya jiƙewa da zufa a aljihu. Kuma ba sunaye kaɗai kike sawa ba. Gefen kowane gida akwai ɗan gargaɗi, kuma waɗannan gargaɗin su ne ainihin ke. "Ku tsaya a tsakar gida, ba ya son a gan shi a kwance." "Kada ku karɓi komai a nan, abin da za su ci ne za su ba ku." "Baiti biyu kawai, numfashinta gajere ne, kuma za ta so ta bi ku." Wanda ba zan manta ba shi ne na tsohon makaniken nan da ya yi rigima da dattawa ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka majami'a ba. Gefen sunansa kika rubuta, "Zai zage ku. Ku ci gaba." Ya kuwa zage mu tas, tun daga ni har mai riƙe da kacau-kacau. Da muka gama muka juya, ya ce ina za mu, ai ba mu yi waƙar makiyaya ba.

A cikin ƙungiya kina murya ta biyu, ƙarshen layi ta hagu, kuma ke kaɗai kike iya taka mini birki. Na san halina, ba sai an gaya mini ba. Ni mutum ne da zai tsayar da waƙa sau goma sha biyu a kan gaɓa ɗaya, in buga benci, in ce ko tumaki sun fi mu haɗa baki. Ke ce kika sa mini Sarkin Gyara, sunan ya bi ni har shago. Idan na cika tsayarwa, sai ki cire gilashi ki ce, "Kafinta, waƙa ce fa, ba ƙofa ba. Ko ba ta zauna daidai ba za ta shiga." Kowa ya yi dariya, ni in haɗe rai, mu ci gaba. Amma kunnenki ya fi nawa, wannan ko a gabanki na yarda. Idan wani ya kauce ko kaɗan ne, kafin in ji ke kin riga kin waiga.

Akwai alherin da kika yi mini wanda ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta, na so ƙwarai a zo a yi mata waƙa. Ita ce ta fara kai ni majami'a a goye. Amma na ji nauyin in buɗe baki in ce a zo gidanmu, ni da nake gaba, kada a ce na ja ƙungiya zuwa ɗakin uwata. Na yi shiru, ko ke ban gaya wa ba. Ranar Juma'a kika miƙo kwali kamar kullum, na duba, na ga layi na uku: "Gidan Kafinta. Kada a bar shi ya ja waƙar, ba zai iya ba." Ban kuwa iya ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kuka kamar yaro, ke kika ɗaga hannu kika ja su. Mahaifiyata ba ta ga wata Kirsimetin ba. Ina faɗin wannan ne don a san cewa ni, a cikin mutum ashirin da biyu, na fi kowa sanin yadda sa gidan kai yake da nauyi.

A watan Agustan bara ciwo ya kayar da ke a bayan kanta. Ɓarin jikinki na dama ya shanye, magana ta koma a hankali, kalma ɗaya sai ki huta kafin ta biyu. Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka mun yar da ke. Ba mu yar da ke ba. Mata sun yi ta zuwa da kwanuka, Fasto yana kawo miki Jibin Ubangiji, ni da hannuna na kafa miki katakon dafawa daga bakin gado har banɗaki, na yi miki kujera mai hannu na ajiye a gindin taga. Maigidanki, wanda duk muke ce wa Baba, tsohon direban da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, ya koyi juya ki, ya koyi ba ki abinci a baki. Ɗiyarki tana tashi daga makarantar da take koyarwa ta biyo kullum kafin ta wuce gidanta.

Da Nuwamba ta zo ƙarshe muna ta tunanin yadda za mu yi da zagaye, sai ga ɗiyarki ranar Juma'a da kwali. Rubutun nata ne, maganar taki ce. Ashe kina kwance kina tambayar duk wanda ya zo duba ki wa da wa ba a gani ba kwana biyu, wadda ta gaje ki a kemis ma kin sa tana kawo miki labari. Muka yi murna, muka ce Mama Kemis tana nan da ƙarfinta. Muka bi kwalin kamar yadda muka saba, gida bayan gida, ba ƙari ba ragi. Shekara ashirin da ɗoriya ba mu taɓa yin waƙa a gidan da ba ki rubuta ba, ba mu taɓa tsallake wanda kika rubuta ba. Mun saba ke ce mai aikawa. Ko a mafarki bai zo mana ba cewa mai aikawar ma a kwance take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Lahadi ta biyu. A ranar ne kike sa gidan tsohon mai gadin nan da ya makance, wanda katanga ɗaya ce tsakaninku. Bara, da muka gama a wurinsa, muka leƙo ɗakinki mu ashirin da biyu, cikin rigunan waƙa, da littattafai a hannu. Muka gaishe ki, muka tambayi jiki. Kika dube mu ɗaya bayan ɗaya, kika ce mu yi sauri kada masu jira su gaji. Muka ce to, muka fita. Kaico. Mutum ashirin da biyu masu baki, a ɗakin mara lafiya, ranar zagayen waƙa.

Bana ma haka muka fara. Lahadi ta farko ta wuce. Ta biyu, bakwai ga wata, muka je wurin mai gadi, muka yi masa waƙa uku. Da muka gama ya riƙe hannuna yana godiya, sai ya ce, "Ai ni da maƙwabciyata muke sha. Tun safe nake jin tana ce wa maigidan ya buɗe taga, ya matso da kujera. Bara ma haka ta yi. Yanzu sai wurinta ke nan ko?" Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na zaro kwalin daga aljihu na duba, kamar zan ga sunanki ya fito.

A ƙofar gidan muka tsaya cirko-cirko. Uwar Tagwaye, wadda take tsaye a gurbinki tun da kika kwanta, ita ta fara magana. Ta ce, "Malam, ga gida nan, taku nawa ne? Mu shiga mana." Da na ji maganarta, da yau wata takardar daban nake rubutawa. Amma kunya ta riga ta kama ni, kunyar kuma ta juye ta zama girman kai. Na ce da wace muryar? Murya ta biyu tun da kika tafi ba ta tsaya da ƙafarta ba, ranar ma sun kauce har sau biyu. Na ce matar da ta shekara ashirin da uku tana wannan aikin ba za mu shigar mata da ragowar waƙa ba, a gajiye, kamar abin da muka tuna a hanya. Za mu shirya mata na musamman, mu zo Lahadi ta huɗu, kyandir duk a kunne, mu cika mata gida. Uwar Tagwaye ta ce ai abin da muka tuna a hanyar ne, mene ne na ɓoyewa. Na ce na gama magana. Muka wuce ta gaban ƙofarki shiru, har ina yi wa masu surutu alama da hannu.

Ranar Talata na zo ɗaure miki katakon dafawa da ya fara girgiɗi. Kina kan kujera a gindin taga. Ina durƙushe ina ɗaure kusa, kika ce, a hankali kamar yadda maganarki ta koma, "Na ji ku. Kun yi sauri a baiti na biyu." Kika huta. Sannan kika ce, "Amma da daɗi." Ni kuwa rabin farko kaɗai na ɗauka. Na ce a raina, ka ji ko, ai na faɗa, kunnen nan yana nan. Bakina ya yi nauyi da in ce miki muna tafe, don ina son abin ya zo miki ba zato. Na tattara kayan aikina, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Kika bi ni da ido har ƙofa. Wannan ne ganina da ke na ƙarshe.

Na ƙara ranakun koyo daga biyu zuwa huɗu. Na matsa wa mutane lamba, masu fitowa daga kasuwa, masu tasowa daga ofis, har wata ta yi kuka ta ce in ba a son muryarta a faɗa mata. Baiti na biyun nan mun maimaita shi ya fi sau hamsin. Gaskiya ya gyaru, Yaya. Ya zauna daram, ba sauri ba ja. Lahadi ta uku muka yi zagaye a wata unguwar, can nesa da tagarki. Ranar Alhamis da yamma ne za mu yi koyo na ƙarshe, na riga na sa an wanke riguna. Da safen ranar wayar ta zo.

Ranar Juma'a ina zaune a cikin masu makoki a ƙofar gidanki, na kasa haɗa ido da Uwar Tagwaye. Ɗiyarki ta fito ta kira ni gefe. Ta ce, "Kawu, yau Juma'a," ta miƙo mini kwali. Ta ce ranar Laraba kika sa ta rubuta, kuma kin sha wuya kafin ki gama, don numfashi ya fara ƙi. Ta ce ta roƙe ki ki bari sai gobe, kika ce a'a.

Gida shida ne. Biyar na farko na san su, da gargaɗinsu kamar kullum: wannan a buga ƙofa da ƙarfi, wancan a kula da kare. Na shida shi ne karo na farko cikin shekara ashirin da uku da gidanki ya hau kwali. Ga abin da kika ce a rubuta: "Gidanmu. Baba zai kasance shi kaɗai. Ku tsaya ta hagunsa, da wannan kunnen yake ji. Zai ce ba ya so."

Ko a nan ba ki sa sunanki ba. Kin san ba za ki kai Lahadi ba, kin ji a jikinki, kuma abin da kika yi da sauran numfashinki shi ne ki shirya wa wanda za ki bari. Ban sani ba ko kin taɓa jin haushinmu. Ban sani ba ko ranar da muka wuce shiru kin ji takunmu, kin zaci za mu shigo. Na tambayi Baba, ya ce tagar dai ba ki bari an rufe ba sai da yamma ta yi. Wannan amsar zan tafi da ita har nawa kabarin.

Jiya Lahadi aka kunna kyandir na huɗu. Bayan sujada muka bi kwalin, ɗaya, biyu, har biyar, sannan muka zo. Baba yana zaune a kan kujerar da na yi miki. Da ya gan mu ya ɗaga hannu ya ce mu bari, ba ya so, ya gode. Uwar Tagwaye ta ce, "Baba, a rubuce yake." Muka zagaya ta hagunsa. Na ɗaga hannu, na kasa jan waƙar, sai Uwar Tagwaye ta ja. Baitin da muka yi kwana goma muna gyarawa ya watse tun a layin farko, wasu suna kuka, wasu sun riga, wasu sun makara, ban taɓa jin mun yi waƙa mara kyau irin ta jiya ba. Baba ya sunkuyar da kai, ya karkato da kunnen. Da muka gama ya ce mu sake. Ta bayan katanga muka ji muryar mai gadi yana bi.

Kin gaya mini tun tuni cewa waƙa ba ƙofa ba ce. Na ji, na yi dariya tare da kowa, ban koya ba sai da ba ki nan.

Yaya, ki gafarta mini. Na san inda kike ba a riƙe mutum a zuci, amma ni ina bukatar in roƙa. Ubangiji da kika bauta wa a bayan kanta da kuma a ƙarshen layi ta hagu ya yi miki jinƙai, ya shafe kurakuranki, ya karɓe ki cikin hutunsa. Almasihun da kika yi shekaru kina aika mu mu yi shelar zuwansa a ɗakunan marasa lafiya, ya sa yau kina ganinsa ido da ido. Mu da muka rage, ya gafarta mana abin da ya kamata mu yi ba mu yi ba, ya buɗe mana ido mu ga wanda yake kusa.

A madadin ƙungiyar mawaƙa ina miƙa ta'aziyya ga ɗiyarki da maigidanta da jikokinki, ga 'yan'uwanki na kusa da na nesa, ga abokan aikinki na kemis, da dukan gidajen da suka taɓa hawa kwalinki, waɗanda su ma uwa suka rasa. Allah ya ba ku haƙuri, ya ta'azantar da zukatanku, ya tsaya muku a wannan Kirsimeti da za ta zo muku da kujera babu kowa.

Baba, kai kuma ban san kalmar da zan gaya maka ba. Allah ya riƙe ka. Ranar Alhamis, da an tashi sujadar Kirsimeti, muna tafe. Ba mu shirya komai ba, kuma ba za mu jira mu shirya ba.